Su a kan ƙanƙara: daga Kano zuwa tafkin Mille Lacs

Wani Bakano ne, sana'arsa haɗa sola da inbata a birnin Kano, kuma rabin aikin nasa sauraron kukan masu batir ne: an saya bara da kuɗi masu nauyi, bana ba ya riƙe wuta ko zuwa tsakar dare. Da ƙaninsa da ke aiki a Minneapolis ta jihar Minnesota ya aiko masa da takardar gayyata, 'yan'uwa suka yi ta ba shi shawarar ya dakata sai sanyin Amurka ya wuce. Hutun ƙanin kuwa bai faɗo ba sai a watan Janairu. Biza ta fito bayan jiran da kowa ya sani, ya tashi daga Kano zuwa Legas, daga nan Amsterdam, sannan jirgi ya tsallake teku da shi.

Ya baro hunturun Kano, inda ake hura wuta a ƙofar gida idan ma'auni ya sauko digiri 12. Ya sauka a garin da ma'aunin ya nuna 20 ƙasa da sifili. Ƙanin ya tare shi da ƙatuwar riga da hula da safar hannu.

"Yaya, saka waɗannan tun muna ciki. Sanyin nan ba a yi masa gardama."

Tsakanin ƙofar filin jirgi da mota sai da ya ji gashin hancinsa ya daskare. Kayan duk aro ne, domin takalmin ƙanƙara mai kyau da riga irin wannan suna iya lashe dala ɗari biyu ko uku, kuma babu abin da zai yi da su a Kano.

Minneapolis ba ta yi masa baƙunta kamar yadda ya zata ba. Jihar ce ta fi kowace tara 'yan Somaliya a Amurka, saboda haka masallatai da mahautan halal ba su da wuyar samu. A unguwar Cedar-Riverside da kasuwar Karmel ya ci shinkafa da naman akuya, aka haɗo masa da ayaba a gefe kamar yadda suke ci, ya bi da shayi mai kayan ƙamshi wanda da kaɗan ya bambanta da na mai shayin unguwarsu. Faranti ɗaya yana kusantar dala ashirin. Ya fara lissafa shi da naira, ƙanin ya roƙe shi ya bari, in ba haka ba ba zai ci komai ba. Abin da ya fi ba shi mamaki a masallaci shi ne alƙibla: daga can arewa maso gabas ake fuskanta.

Wanda ya jawo tafiyar tafki maƙwabcin ƙanin ne, wani dattijo Bature da ya yi ritaya, wanda ya ji an yi baƙo daga Afirka ya ce lallai sai ya kai shi su a kan ƙanƙara. Daren tafiya suka shiga garejinsa ana haɗa kaya: sandunan fatsa gajeru da ba su wuce kamu uku ba, injin huda ƙanƙara, bokiti, da wata na'ura mai zagayayyar fuska a cikin jaka. Dattijon ya buɗe bayan jakar, sai ga baƙin batir mai kusurwa huɗu, an rubuta masa 12V 9Ah. Bakanon ya ɗauka ya juya shi a hannu, ya san shi farin sani. Batirin UPS ne, irin wanda ke cikin akwatin da ake jona wa kwamfuta a ofisoshi da shagunan buga takardu, kuma ɗan'uwansa mai 7Ah ne ke cikin manyan fankoki masu caji. Nauyinsa kilo biyu da rabi. A can ana sayar da shi tsakanin dala ashirin da talatin da ɗoriya. Dattijon ya ce nasa yana cikin hunturunsa na biyar. Baƙon ya nemi a maimaita masa, domin a wajensu irin wannan batir in ya ga shekara biyu an gode Allah.

Kafin a mayar da shi jaka dattijon ya ɗora masa mita. Ta nuna bolt 12.9. Ya ce ya cire shi daga caja tun safe, don awon da aka yi da zarar an cire caja ƙarya yake yi, yana nuna sama da gaskiya har sai batirin ya huta wasu awanni.

Da asuba suka kama babbar hanya mai lamba 169 zuwa arewa, ta Elk River da Princeton da Milaca da Onamia. Nisan bai wuce na Kano zuwa Zariya da yawa ba. Hagu da dama gonaki ne farare fat, sai rumbunan hatsi na ƙarfe da kurmin itatuwa. Motocin share hanya sun riga su wucewa suna watsa gishiri. A wani shagon kayan su suka tsaya, aka yanka wa baƙon lasisin yini ɗaya a kan dala 14, aka sayi ƙananan kifaye masu rai da ake maƙalawa a ƙugiya. Mai shagon, ba tare da an tambaye ta ba, ta faɗa musu kaurin ƙanƙarar ranar da wurin da ta tsage.

Mille Lacs tafki ne mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 500, kusan ninki uku na ruwan Tiga, amma zurfinsa bai wuce mita 13 ba. Ba a ganin ƙarshensa. Abin da ido ke gani fili ne fari da ɗakuna birjik a kai, da tituna da aka share har da alamomin kwana. Masu masauki na bakin ruwa ne ke share waɗannan tituna, suna karɓar 'yan daloli a kan kowace mota. Da ƙafafun motar suka bar ƙasa suka hau ruwa, Bakanon ya kama salati a bayyane, dattijon kuwa ya sauke gilashi ya ce kowa ya kwance bel, haka ake yi saboda ko-ta-kwana. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ta ce mutum ba ya taka ƙanƙara sai ta kai inci 4, babbar mota kuma sai ta haura ƙafa guda, kuma farar ƙanƙara mai haɗe da dusa rabin ƙarfin garai-garai take da shi. A ranar kaurin ya kusa ƙafa biyu. Duk da haka tafkin yana yin wata ƙara daga ƙasa, kamar ana harba bindiga daga nesa, wadda aka ce masa alamar ƙanƙara na ƙara kauri ce.

Masaukinsu ɗakin katako ne a kan ruwan, da gadaje huɗu masu hawa biyu, da murhun gas, da ramuka a daɓe masu murfi. Hayarsa ta kwana ɗaya ta kai ɗaruruwan daloli, dattijon ya biya ya kuma hana a yi maganar. A bango akwai na'urar da ke ƙara idan iskar gas mai guba ta taru. Wannan Bakanon bai buƙaci bayani ba, ya san gidajen da hayaƙin janareta ya kashe mutanen ciki suna barci.

Sai aka kunna na'urar nan ta cikin jaka. Ta kamfanin Vexilar ce, wanda ke can Minnesota. Ana zura wani ɗan kai mai igiya a cikin ramin, yana aika amo zuwa ƙasan ruwa yana karɓar dawowarsa, fuskar kuma tana nuna abin da ke ƙasa da launi uku: kore ga abu mai rauni, ruwan lemo ga matsakaici, ja ga mai ƙarfi. Mutum yana ganin ƙugiyarsa tana sauka a matsayin siririn layi. Can sai wani layi ya taso daga ƙasa, kore, ya koma ruwan lemo, ya yi ja ya haɗe da na ƙugiyar, a daidai lokacin sandar ta motsa a hannu. Wanda ya saba da wannan, in batirinsa ya mutu, ji yake an rufe masa ido. Shi ya sa masuntan can suke maganar batir kamar yadda manomin rani yake maganar injin ban-ruwa.

Na'urar ba ta da ci. Kimanin rubu'in amfiya take ja, wato a awa goma ta sha 2.5 daga cikin 9 da aka rubuta. A takarda ke nan. Adadin da ke jikin batir an auna shi ne a ɗumin ɗaki, digiri 20 zuwa 25. Sanyi yana rage saurin aikin asid da darma a ciki: a sifili kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin ya ɓuya, a 18 ƙasa da sifili kuwa abin da ke fitowa bai fi rabi da ɗan kai ba. Da suka fita waje da rana suka huda sababbin ramuka a fili, dattijon bai ajiye jakar a kan ƙanƙara tsirara ba, ya sa mata ɗan soso a ƙasa. Ƙarfin da sanyi ya ɓoye yana dawowa idan batirin ya ji ɗumi. Sanyi shi kaɗai ba ya kashe cikakken batir, ruwan cikinsa ba ya daskarewa sai an wuce 50 ƙasa da sifili. Amma idan wuta ta ƙare, asid ɗin ya koma kusan ruwa zalla, digiri kaɗan ƙasa da sifili sun isa su daskarar da shi, ya kumbura ya lanƙwasa farantan ciki ko ya fasa kwandon.

Misali ya kawo kansa da la'asar. Wani saurayi daga ɗakin da ke kusa ya zo yana tambaya ko akwai mai batir na biyu. Nasa bai shekara biyu ba. Ya ce ya kwana a caja, fitila ta yi kore, amma awa ɗaya da kunnawa na'urar ta dushe. Dattijon ya tambaye shi yaushe ya yi masa caji kafin jiya. Saurayin ya yi shiru yana tunani, ya ce tun watan Maris da aka kwashe ɗakuna daga kan tafki ya jefa jakar a gareji yadda ya dawo da ita. Dattijon ya miƙa masa na ajiyarsa, ya ce ya maido da safe, ya haɗa masa da kofin gahawa. Ko sunansa bai tambaya ba.

Abin da ya sami batirin saurayin shi ne abin da Bakanon yake gani kullum a Kano. Duk lokacin da batirin darma yake ba da wuta, wani farin gishiri da masana ke kira salfet yana taruwa a kan farantansa. Idan an yi caji da wuri gishirin ya narke ya koma asid. Idan aka bar shi kwanaki da makonni sai ya ƙanƙare ya zama tsakuwa, caja ba ta iya narkar da shi, wurin da ya rufe kuma ya tashi daga aiki har abada. Irin wannan batir yana cika da sauri domin ɗan wurin da ya rage masa kaɗan ne, mita ta nuna bolt mai kyau, a ɗora masa kaya ya faɗi. Tun 1859 da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin darma halinsa ke nan, kuma rufe shi da aka yi aka tsotse ruwan cikin audugar gilashi bai sauya wannan ba. Rubutun da ke jikinsa cewa ba ya buƙatar kulawa yana nufin ba a ƙara masa ruwa, shi ke nan. A ganin mai ba da wannan labari, wannan jimla ta kashe batura fiye da sanyi da zafi.

Rana ta faɗi wajen ƙarfe biyar. Suka yi alwala da ruwan da aka ɗumama a murhu, dattijon ya matsar da bokitai ya ba su wuri, ya fita waje har suka idar. Ya riga ya tambayi ƙanin abin da ba sa ci, saboda haka bai zo da tsiran alade da giyar da aka saba zuwa da su ba, ko garin suyar kifin da ruwa ya kwaɓa shi. Aka soya ƙananan kifayen da suka kama, aka ɗumama miyar shinkafar daji da matarsa ta dafo, baƙar shinkafa doguwa da ke tsirowa a tafkunan yankin, abincin ƙabilar Ojibwe tun kafin zuwan Turawa. Babban kifin tafkin, walleye, wanda jihar ta ɗauka a matsayin kifinta, guda ɗaya baƙon ya kama, aka auna shi da ma'auni aka mayar da shi rami, domin tsawonsa bai faɗa cikin abin da dokar shekarar ta yarda a ɗauka ba. Ya ji zafin abin. Dattijon ya bayyana masa cewa kifin tafkin rabawa ake yi tsakanin jiha da ƙabilun Ojibwe, waɗanda yarjejeniyar 1837 ta bar musu haƙƙin su da farauta, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta tabbatar musu da shi a 1999.

Kafin a ci abincin dattijon ya riga ya cire batirinsa ya ajiye a kan shiryayye nesa da murhu. Bai jona shi ba sai da ya yi awa biyu a ɗaki, sanyin ya sake shi. Batir mai sanyi ba ya karɓar caji sosai, wanda ake zargin ya daskare kuwa ba a jona shi sam sai ya narke an duba ko ya tsage. Sannan ya tayar da ƙaramin janareta a waje ya kawo cajarsa, 'yar ƙarama mai ba da amfiya ɗaya. Mita ta nuna 12.3 kafin a jona. Ya ce ba ya son ya ga ta sauka ƙasa da 12.2, wanda shi ne kusan rabi, kuma ko awa biyu kawai ya yi a kan ruwa, a daren yake caji.

A nan hira ta koma ta abokan sana'a, ƙanin yana tafinta inda Turanci ya yi tsauri. Gidaje shida ne a cikin batirin, kowanne da bolt biyu da ɗan kai. Caja ta gari tana tura wuta har bolt ya kai 14.4 zuwa 14.7, ta tsaya a nan tana rage turawa a hankali, in ya cika ta sauko 13.5 zuwa 13.8 ta riƙe. Ƙarfin turawar da aka fi so shi ne kashi ɗaya cikin goma na adadin da ke jikin batirin, iyakarsa kuwa kashi uku cikin goma, wato amfiya 2.7 ga mai 9Ah. Cajar mota mai amfiya goma dafa shi za ta yi: ruwan ciki ya zama iska, ya fice ta ƙofar numfashin da aka yi masa, kuma tunda a rufe yake babu hanyar mayarwa. Haka ma caja mai arha wadda ba ta san tsayawa ba, in an manta da ita kwana da kwanaki. Batirin da ya yi zafi a hannu ko cikinsa ya turo, an riga an cuce shi. Ƙarshen cajin kuma shi ya fi jan lokaci, kuma shi mutane suka fi yankewa, alhali shi ne yake narkar da ragowar gishirin. Dattijon yakan bar shi ya kwana ko da fitila ta yi kore da wuri, saboda cajarsa mai sauka da kanta ce.

Bakanon ya ce a wajensu wannan ƙarshen ne ba a samu. A kawo wuta awa uku a ɗauke, batir ya kai kashi tamanin a koma jansa, gobe ma haka. Masu sola kuma su sayi manyan batura da fanel kaɗan don rage kuɗi, batirin ya yi watanni bai taɓa cika ba. Ga zafi. Batirin darma a ajiye yana zubar da kusan kashi uku cikin ɗari a wata a ɗumin ɗaki, zafi kuwa yana ninka wannan, kuma duk ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan 25 yana raba tsawon ransa biyu. A watan Afrilu Kano tana haura 40, batura kuma a ɗan ɗakin da babu taga ake kulle su saboda ɓarayi. Dattijon ya girgiza kai, ya ce shi da bazara ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake kai nasa, a cike, an zare masa waya daga na'ura, kuma duk farkon wata yana jona shi dare ɗaya. Ya rubuta ranar saye da alƙalami a jikinsa.

Da safe saurayin ya dawo da batir da ledar kifi a matsayin godiya. Ya ce zai koma na litiyom. Da yawa sun koma, musamman masu sababbin na'urori irin LiveScope na kamfanin Garmin, waɗanda ke nuna kifi yana iyo a allo kuma suke shan wuta ninki da yawa. Na litiyom bai kai rabin nauyin na darma ba, yana jure a sha shi sosai, amma kuɗinsa ninki uku ne ko fiye, yana son cajarsa ta daban, kuma ba a yi masa caji a ƙasa da sifili sai in yana da abin ɗumama kansa. Dattijon bai kushe shi ba. Ya ce na'urarsa tsohuwa ce mai ƙaramin ci, batirin dala talatin yana isar ta.

A hanyar komawa suka zaga ta Garrison, inda aka kafa ƙaton mutum-mutumin walleye a bakin tafki, aka ɗauki hoto. Dattijon ya nuna hanyar Brainerd, ya ce a tafkin Gull da ke can ake gasar su a kan ƙanƙara tun 1991, mutum kusan dubu goma kowa da raminsa. Baƙon ya buɗe wayarsa ya nuna masa Argungu: dubban masunta da homa da gora suna rugawa cikin Matan Fada, ana fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗaga. Dattijon ya tsayar da mota a gefen hanya don ya kalla da kyau, ya tambaya ko da gaske babu mai na'ura ko ɗaya a cikinsu.

Tsayawarsu ta ƙarshe wani babban shagon kayan gona da na mota ne. Saurayin ya bar musu mataccen batirinsa, dattijon ya miƙa shi a kanta. A Minnesota doka ta hana jefa batirin darma a shara, kuma a Amurka kusan dukkansu ana narkarwa a sake ƙera sababbi. Bakanon ya tuna yaran da ke fasa tsofaffin batura da guduma a bayan kasuwa, suna zubar da ruwan a kwata, suna narka darmar a fili babu abin rufe hanci. Wanda ya san abin da gubar darma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu ta dalilin haƙar zinare, ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

A shagon ya zaɓi ƙaramar caja mai matakai uku irin ta dattijon, dala talatin da wani abu. Har ya nufi wurin biya, sai ya juya ta ya karanta bayanta: bolt 120 kawai take karɓa, wutar Amurka, ta Najeriya kuwa 230 ce. Ya mayar, suka bi shiryayyen ɗaya bayan ɗaya shi da ƙanin har suka sami wadda aka rubuta wa 100 zuwa 240. Ya ɗauki biyu, ɗaya ta shago, ɗaya ta yaron da yake koya wa aiki.